Targaɗen wuya bayan haɗarin mota a Ingila: yaya ake neman diyya?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Manchester, ina aikin kula da tsofaffi. Mako uku da suka wuce na tsaya a danja, matata tana gefena, ɗanmu mai shekara bakwai yana baya, sai wata mota ta daki tamu ta baya. Direban ya fito ya ba da haƙuri, na ce masa ba komai, muka karɓi lambar wayar juna. Washegari na tashi wuyana ya sage, ko sallama ba na iya yi a salla sai na juya da jikina gaba ɗaya, kuma har yau ciwon bai sake ni ba. Na rasa aikin kwana takwas. Yanzu direban yana cewa zai gyara motar, ya ba ni fam 300, don kada a sa inshora a ciki. Wani abokina ya ce mu uku duka mu ce mun ji ciwo, wani kuma ya ce ƙaddara ce, in yafe. Da bizar aiki nake zaune, ina tsoron kada maganar ta taɓa zamana. Ina da haƙƙin diyya? Nawa ne, kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya, ya kuma kiyaye gaba. Idan na fahimce ka, kana so ka san ko doka ta ba ka wani haƙƙi a kan ciwon da ke wuyanka, da ko nawa ne, sannan ko ya dace ka karɓi tayin direban ku rufe magana a tsakaninku ba tare da takardun zamanka sun shiga wani hali ba. Aikina ke nan a nan Ingila, na daɗe ina tsaya wa mutanen da suka ji rauni a haɗarin mota, kuma 'yan'uwanmu da dama sun zauna a gabana da labari irin naka. Kana da haƙƙi. Kuɗin da ake biya a kan ciwon kansa ba su kai yadda ake zuzuta su a majalisar hira ba, kuma ko nawa za ka samu, ya rataya ne a kan abin da likita ya rubuta game da kai. Saboda haka a kan wannan rubutu zan fi tsayawa, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin asara.

Abin da ya sami wuyan

Lokacin da mota ta daki taka ta baya, kujera takan tura gangar jikinka gaba, kai kuma ya ɗan makara a baya saboda nauyinsa, sannan ya fizgo gaba da ƙarfi. Duk wannan yana faruwa ne cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, amma ya isa ya ja tsokoki da jijiyoyin da ke riƙe da ƙasusuwan wuya fiye da yadda suka saba. Likitocin nan suna kiransa whiplash, wato sun kamanta shi da fizgar bulala, kuma wannan kalmar za ka riƙa gani a kowace takarda. Mu kuwa targaɗen wuya ya fi kusa da ma'anarsa. Sananne ne cewa ciwon yakan ɗauki awoyi, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, kafin ya bayyana. Don haka cewar da ka yi "ba komai" a bakin titi ba ta zubar maka da haƙƙi ba, ko da yake ka sa ran kamfanin inshorar direban zai tuna maka da ita.

Wahalar wannan rauni a gaban shari'a ita ce hoton ƙashi ba ya nuna shi, tun da ƙashi bai karye ba. Tun 1995 wani kwamitin masana a lardin Quebec na Kanada ya kasa shi mataki-mataki: daga wanda yake jin ciwo kawai, zuwa wanda likita zai ga wuyansa ba ya juyawa sosai, zuwa wanda abin ya taɓa jijiyoyin da ke sauka hannu, har zuwa karaya ko gocewar ƙashi. Akasarin mutane suna matakan farko ne, kuma hukumar lafiya ta NHS tana cewa yawanci yakan yi sauƙi cikin wata biyu zuwa uku, ko da yake wasu kan daɗe fiye da haka. Ni lauya ne, maganin jikinka yana hannun likita, amma ba zan wuce wannan gaɓa ba sai na ce idan kana jin hannu ko ƙafa suna mutuwa ko suna yin sanyi, ko kana jin kamar lantarki yana ratsa wuyanka, ko tafiya tana yi maka wuya, to ka ajiye maganar diyya ka kira 111, layin neman taimakon lafiya na NHS, ko ka tafi sashen gaggawa na asibiti a yau ɗin nan.

Dokar da ta sauya lissafi

Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan suna ba da labarin wanda ya sami fam dubu biyu ko uku a kan ciwon wuya na 'yan watanni, kuma ba ƙarya suke yi ba, haka abin yake a da. Gwamnati da kamfanonin inshora sun yi ta kukan cewa irin waɗannan ƙararraki sun yi yawa, cewa akwai na bogi a cikinsu, kuma su ne suke tsadar da inshorar kowa. Daga nan majalisa ta zartar da dokar Civil Liability Act a 2018, aka fara aiki da sashenta na targaɗen wuya a kan haɗurran da suka faru daga ranar 31 ga Mayu 2021 a Ingila da Wales. Dokar ta shafi raunin tsoka ko jijiya a wuya, baya ko kafaɗa, wanda bai wuce shekara biyu ba, ga direba ko fasinja a cikin mota. Masu babur, masu keke da masu tafiya a ƙasa ba su cikinta.

Abin da dokar ta yi shi ne ta ɗauke wa alƙali ikon ƙiyasta kuɗin ciwon, ta kafa jadawali wanda ba ya duba komai sai tsawon lokacin jinya. A jadawalin 2021, ciwon da bai wuce wata uku ba fam 240 ne, na wata uku zuwa shida fam 495, na wata tara zuwa shekara fam 1,320, mafi girma kuma, na wata goma sha takwas zuwa shekara biyu, fam 4,215. An ɗaga waɗannan kuɗi da kusan kashi 15 cikin ɗari ga haɗurran da suka faru daga 31 ga Mayu 2025, mafi ƙanƙanta ya koma fam 275, mafi girma fam 4,830, kuma wannan sabon jadawali ne ya hau kanka. Idan tare da ciwon wuyan akwai ɗan firgici, kamar tsoron shiga mota ko rashin barci, akwai ƙarin 'yan fam a kowane mataki. Kotu tana iya ƙara abin da bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba idan yanayin mutum ya fita daban ƙwarai, amma a aikina ba kasafai na ga an ba da wannan ƙari ba.

A ganina waɗannan kuɗi sun yi kaɗan ga mutumin da ya yi wata biyar ba ya iya ɗaga ɗansa, kuma masu gaskiya ne suka biya bashin masu ƙarya. Amma dokar ke nan, da ita za mu yi aiki. Wani abu guda da ya kamata ka riƙe: idan ban da wuyan ka bugu a gwiwa, ko wuyan hannu, ko ƙirji inda bel ya matse ka, waɗannan ba su cikin jadawalin, ana ƙiyasta su ne daban a bisa tsohuwar hanya. Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta daidaita wannan a shari'ar Hassam da Rabot a watan Maris na 2024, inda ta ce a haɗa kuɗin jadawalin da na sauran raunin, sannan a rage abin da ya maimaitu a tsakaninsu. Don haka duk inda ya yi maka ciwo a jiki, ka faɗe shi da sunansa.

Abin da likita zai rubuta

Tun da jadawalin yana bin watanni ne, tambayar da ke yanke komai ita ce: wa zai faɗi yawan watannin? Wani likita ne mai zaman kansa, wanda ba naka ba kuma ba na kamfanin inshora ba, da ake zaɓowa ta wani tsari mai suna MedCo. Zai gan ka sau ɗaya, ganawar kuma gajera ce, ya tambaye ka yadda haɗarin ya faru, ya duba juyawar wuyanka, sannan ya rubuta hasashensa na lokacin da za ka warke. Wannan hasashe shi ne kuɗinka. Dokar 2018 ta ma hana kamfanin inshora ko lauya su yi tayi ko su karɓi tayin sulhu a kan targaɗen wuya kafin a sami irin wannan rahoto.

A nan ne tarbiyyarmu take yi mana illa. An rene mu a kan cewa idan aka tambayi mara lafiya jiki, amsarsa "da sauƙi" ce ko da yana nishi, kuma namiji ba ya raki. Na taɓa tsaya wa wani dattijo direban tasi, mutum mai kamun kai, wanda likita ya tambaye shi yadda yake ji, ya amsa da Turanci abin da zai amsa wa maƙwabcinsa da Hausa, wato Alhamdu lillahi yana samun sauƙi. Likitan ya rubuta abin da ya ji, ya yi hasashen wata uku. A gaskiya mutumin nan a zaune yake salla, ba ya iya waiwayawa ya duba bayansa idan zai juya mota, kuma sai da ya shafe kusan wata tara a haka. Mun sha wahala kafin a sake duba shi, domin duk abin da ya faɗa daga baya sai kamfanin ya ce ai ga abin da ya faɗa da bakinsa tun farko. Tun daga kansa nake gaya wa kowa cewa ɗakin likita ba wurin gaisuwa ba ne.

Abin da likitan yake bukata shi ne bayani na zahiri. Ka gaya masa ba ka iya juya kai dama da hagu a ƙarshen salla, ruku'u da sujada suna ja maka wuya, ciwon yana tashe ka sau nawa a dare, ba ka iya tallafar tsoho daga gado zuwa kujera, wanda shi ne ainihin aikinka, kuma wane magani kake sha, sau nawa a rana. Idan akwai ranakun da ciwon yake lafawa, su ma ka faɗa. Idan ka taɓa yin ciwon wuya ko na baya kafin haɗarin, ko ka taɓa shiga wani haɗari, kada ka ɓoye, domin kamfanonin inshora suna da rumbun bayanai na haɗurran da aka taɓa kai musu, kuma tsohon ciwo ba ya hana diyya idan haɗarin ya tsananta shi. Idan Turancinka bai kai ka bayyana ciwo dalla-dalla ba, ka nemi a tanadar maka tafinta tun kafin ranar ganawar. Bayan an rubuta rahoton za a ba ka ka karanta kafin a aika wa kamfanin; ka bi shi layi-layi, idan an yi kuskure a kwanan wata ko yawan ranakun da ka rasa aiki, a lokacin ake neman gyara.

Ba ka ambaci ko ka ga likitanka na unguwa, wato GP, ba. Idan ba ka je ba, wannan shi ne aikin farko, kafin kowane fom. Mako uku ba su yi yawa ba, amma kowane mako da ya ƙaru babu rubutu a fayil ɗinka yana ƙara wa kamfanin hujjar cewa ciwon bai kai yadda kake faɗa ba, musamman idan ɓarnar da ke jikin motar ba ta wuce ɗan lotsewar bamba ba. Sukan kafa hujja da cewa bugu mara ƙarfi ba zai raunata mutum ba, kuma abin da ke karya wannan hujja shi ne rubutun likita da aka yi da wuri, wanda bai saɓa wa abin da ka faɗa daga baya ba. Idan an tura ka gashin ƙashi, ka je kowane zama, ka kuma yi motsa jikin da aka koya maka, saboda dokar ta ce idan jinya ta yi tsawo don sakacin mai ita, ba za a biya shi ƙarin watannin ba. Ka sami ɗan littafi kana rubuta yadda ka kwana da yadda ka wuni, ko da layi biyu ne, domin bayan wata huɗu ba za ka tuna abin da ka ji a mako na biyu ba.

Asarar da ke aljihu

Jadawalin na ciwo ne kawai. Duk abin da haɗarin ya fitar daga aljihunka ana biyansa daban, kuma ga ma'aikaci irinka wannan ɓangare yakan fi kuɗin ciwon yawa. Kwana takwas ɗin da ka rasa ana lissafa su ne a kan abin da ke shiga hannunka bayan haraji, a cire duk wani kuɗin jinya da wurin aiki ya biya ka. A al'ada ana neman takardun albashi na mako goma sha uku kafin haɗarin don a fitar da matsakaicin abin da kake samu, wanda yake da muhimmanci ga mai aikin da awoyinsa suke hawa da sauka. Ka nemi wasiƙa daga wurin aikinka mai nuna ranakun da ba ka zo ba da dalili. Kuɗin magani, kuɗin mota zuwa asibiti, kuɗin gashin ƙashi idan ka biya da kanka, da kason da inshorarka take sa ka biya kafin ta gyara mota, duk suna shiga, muddin akwai rasit. Kujerar yaro ma, idan yana kanta lokacin haɗarin, ana ba da shawarar a sauya ta, kuma kuɗinta yana cikin abin da za ka nema. Abin da ba a rubuce yake ba, kamar aikin da ake biyan mutum hannu da hannu ba tare da haraji ba, kada ka sa shi a lissafi.

Hanyar da ake bi

Ga babban mutum wanda kuɗin rauninsa bai wuce fam 5,000 ba, kuma jimillar abin da yake nema bai wuce fam 10,000 ba, an buɗe shafin intanet mai suna Official Injury Claim, kyauta ne, kuma an tsara shi ne don mutum ya bi da kansa ba tare da lauya ba. Kana shigar da lambar motar da ta buge ka, shafin zai gano kamfanin inshorarta ya aika masa. Kamfanin yana da ranakun aiki 30 ya faɗa ko ya amsa laifin direbansa. Wanda ya daki mota ta baya a danja ba shi da wata doguwar hujja, tun da ƙa'idar hanya ta ɗora masa barin tazarar da za ta ishe shi tsayawa, don haka ina sa ran za su amsa. Idan sun amsa, su ne za su biya kuɗin rahoton likita, sannan su yi maka tayi bayan sun gan shi. Kana iya karɓa, kana iya mayar da naka tayin, kana iya kai maganar ƙaramar kotu idan ba ku daidaita ba. Idan ta bayyana direban ba shi da inshora, akwai hukumar Motor Insurers' Bureau da aka kafa domin irin wannan, kuma ita tana da ranakun aiki 40 ta ba da amsa.

Wa'adin shigar da ƙara a kotu shekara uku ne daga ranar haɗarin, a ƙarƙashin dokar Limitation Act ta 1980, kuma cike fom a shafin intanet ba ya tsayar da wannan agogo. Kana da lokaci, saboda haka babu abin da zai sa ka yi gaggawar karɓar tayi. Sulhu idan an sa masa hannu ya rufu ke nan, ko da ciwon ya ci gaba bayan watannin da likita ya yi hasashe. Shafin ya ba ka zaɓin jira har wa'adin hasashen ya cika ka ga ko ka warke, kuma idan ba matsin kuɗi ya yi maka yawa ba, shi nake ba ka shawara.

Maganar lauya kuwa, zan faɗa maka gaskiya duk da cewa sana'ata ce. A ƙararraki ƙanana irin wannan kamfanin inshora ba ya biyan kuɗin lauyanka, don haka daga diyyarka za a yanka, galibi kashi 25 cikin ɗari, wani tsarin ma ya fi haka. Idan wuya ne kawai, an amsa laifi, kuma kana iya karanta Turanci, za ka iya bi da kanka. Idan sun musa laifi, ko akwai wasu raunuka, ko ciwon ya taɓa jijiyar hannu, ko yana neman hana ka aikinka na dindindin, to lauya ya cancanci kasonsa. Kafin ka biya kowa, ka duba takardar inshorar motarka da ƙungiyar ƙwadago idan kana ciki, don sau da yawa akwai tallafin shari'a da mutum ya riga ya biya bai sani ba. Masu kiran waya su ce sun ji ka yi haɗari kuwa, kada ka ba su ko sunanka.

Shawarar abokanka biyu

Wanda ya ce ku uku duka ku ce kun ji ciwo yana tura ka rami. Idan matarka tana jin ciwo, tana da nata haƙƙin cikakke, ta ga likita ta shigar da nata daban. Idan yaron ya ji ciwo ko ya firgita har yana mafarkin haɗarin, shi ma yana da nasa, sai dai na yaro ba ya bin wancan shafi: babba ne yake tsaya masa, alƙali ne yake amincewa da sulhun, ana ajiye masa kuɗin har ya kai shekara 18, kuma wa'adinsa na shekara uku ba ya fara ƙirguwa sai daga lokacin. Amma idan lafiyarsu ƙalau, ka bar su a matsayin shaidu. Duk fom ɗin da za ka cike yana ƙarewa ne da sa hannu a kan cewa abin da ke ciki gaskiya ne, kuma sashe na 57 na dokar Criminal Justice and Courts Act ta 2015 ya ba kotu ikon watsar da ƙara gaba ɗayanta, har da ɓangarenta na gaskiya, idan ta sami mai ita da ƙarya a tushen magana. Bayan haka ana iya ɗora masa kuɗin shari'ar ɗaya ɓangaren, ana kuma iya tuhumarsa da raina kotu, wanda ya kai wasu gidan yari. Na ga wani matashi da ciwonsa na gaskiya ne, amma ya yarda aka sa sunan ɗan'uwansa da ba ya cikin motar. Kyamarar da ke gaban ɗaya motar ta nuna shi kaɗai ne, ya tashi babu diyya, ga bashi a kansa.

Wanda ya ce ka yafe kuwa, ba zan raina maganarsa ba, domin yafiya abu ne mai girma a wurinmu, kuma haƙƙinka ne ka yafe idan ka ga dama. Amma ka san abin da kake yafewa da wanda kake yafe wa. A ƙasar nan doka ta tilasta wa kowane direba ya yi inshorar da za ta biya wanda ya raunata, don haka kuɗin ba daga bakin 'ya'yan mutumin nan za su fito ba, abin da zai same shi shi ne ƙarin kuɗin inshora a shekaru masu zuwa. Yarda da ƙaddara kuma ba ta taɓa hana ɗaukar nauyin ɓarna ba, fiƙihun Malikiyya da muka taso a kansa ya san diyyar rauni na kuskure, har yana da ƙa'idar cewa ba a ƙiyasta diyyar rauni sai bayan ya warke, wadda ita ce dai shawarar jira da na ba ka a sama. Hukuncin karɓar kuɗi daga kamfanin inshora kuwa fage ne na malamai, akwai bayanai a tsakaninsu, ka kai tambayar ga malamin da ka amince da shi a nan Ingila, wanda ya san yadda tsarin yake aiki.

Bizarka da tayin fam 300

Diyyar da kamfanin inshora ya biya ba ta cikin jerin tallafin gwamnati da aka hana masu bizar aiki karɓa, kuma haƙƙin neman diyyar rauni bai dogara da irin takardar zaman mutum ba. Neman haƙƙinka da gaskiya ba laifi ba ne da zai shiga fayil ɗinka. Abin da zai iya taɓa zamanka shi ne hukuncin kotu a kan zamba, wato hanyar da abokinka na farko ya nuna maka. Idan akwai wani abu na musamman a yanayin bizarka, wannan aikin lauyan shige da fice ne, ni ɓangaren rauni na sani.

Tayin direban yana kama da yadda muke yi a gida, a tsaya a bakin titi, a kira bakanike, dattawa su sa baki, kowa ya kama gabansa. A nan yana da haɗari ta fuska biyu. Fam 300 sun yi kusan daidai da kuɗin ciwon da bai wuce wata uku ba, babu albashin kwana takwas a ciki, babu gashin ƙashi, kuma kai kanka ba ka san ranar da wuyan zai sake ka ba. Sannan kusan kowace yarjejeniyar inshorar mota ta wajabta maka ka sanar da kamfaninka duk haɗarin da ka shiga, ko da ba kai ne da laifi ba, ko da ba ka neman komai a wurinsu, kuma ɓoyewa tana iya ba su dalilin ƙin biyanka a wata rana ko soke inshorar. Ka kira su a wannan makon. Dokar hanya ta 1988 ta ce direbobi su ba juna suna, adireshi da lambar mota, idan ba a yi haka ba a sanar da 'yan sanda cikin awa 24. Tun da lambar waya kawai kuka karɓa, ka nemi sauran bayanan daga wurinsa yanzu, idan ya ƙi ka kira 'yan sanda a lambar 101 ka ba da rahoto.

Ka amsa masa a rubuce, cikin mutunci, cewa ka gode da tayinsa amma ka ji ciwo kana ganin likita, don haka za ka bi ta inshora. Ka adana duk saƙonnin da ya aiko maka, musamman inda ya ba da haƙuri ko ya yi tayin biya, tare da hotunan motar kafin a gyara ta. Duk abin da na faɗa a kan haɗarin da ya faru a Ingila ko Wales ne, Scotland da Ireland ta Arewa suna da nasu tsarin, kuma ban ga wuyanka ko fayil ɗinka ba, saboda haka ba zan iya ce maka ga matakin jadawalin da za ka faɗa ba sai rahoton likitan MedCo ya fito. Idan a lokacin an yi hasashen watanni kaɗan alhali kai kana jin hannunka yana mutuwa ko aikin ɗaga tsofaffi ya gagare ka, kada ka danna amincewa da tayin, ka kai rahoton ga lauyan rauni ya karanta shi tukuna.